Filin Tambaya da Amsa: Gaɓa da Ƙarfin Furuci a Harɗaɗɗun Sifofin Turanci

Wasiƙun da suka taru a wannan fili a wannan karon, yawancinsu a kan abu guda suka tsaya, wato sifofin nan na Turanci da ake ginawa da kalmomi biyu, irin su well-known da old-fashioned da homesick. Na zaɓi huɗu daga cikinsu. A duk inda na rubuta gaɓa da manyan baƙaƙe, ina nufin ita ce ake ƙarfafawa wajen furuci, kamar yadda ake nunawa a takardun jarrabawa.

Tambaya ta farko, daga wani ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare a Gusau: Assalamu alaikum, Malam. Malaminmu na Turanci ya koya mana cewa a kalmar well-known gaɓa ta biyu ake ƙarfafawa, na kuma duba ƙamus na ga haka ne. To, amma sai na ji wani Bature a rediyo yana cewa a well-known writer, kuma na tabbata a kan well ya ɗora ƙarfin. Shin malaminmu ne ya yi kuskure ko Baturen? Ina tsoron kada wannan ya kayar da ni a jarrabawar WAEC.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, kuma kunnenka bai yaudare ka ba. Kafin in warware maka, bari mu fara daidaitawa a kan abin da Turawa suke nufi da stress, domin da yawa daga ɗalibanmu sun ɗauka ɗaga murya ne kawai, har ka ga yaro yana daka wa gaɓa tsawa. Gaɓar da aka ƙarfafa takan fi sauran tsawo, murya takan hau ko ta sauka a kanta, wasalinta kuma yakan fito cikakke ba tare da an tauye shi ba. Wani masanin furuci a Landan mai suna Dennis Fry ya yi gwaje-gwaje a 1955 da 1958 da kalmomi irin su object da subject, waɗanda ma'anarsu ke sauyawa idan ƙarfin ya tashi daga wannan gaɓa zuwa waccan, ya kuma gano cewa tsawon gaɓa da hawa da saukar murya sun fi amo tasiri a kunnen mai sauraro. Wannan labari ne mai daɗi ga Bahaushe, domin wanda tun yana goye yake rarrabe kuka na hawaye da kuka ta miya, ko wuya na jiki da wuya ta wahala, ba ya bukatar a koya masa sauraron hawa da saukar murya. Ka lura ma da kalmomin da muka aro, irin su mota da tebur da soja: gaɓar da Bature yake ƙarfafawa, ita ce muka ɗora wa karin sama.

Yanzu ga batun well-known. Harɗaɗɗiyar sifa wadda ta fara da wata sifar ko da bayanau, galibi tana ɗauke da ƙarfi biyu, ƙarami a kalmar farko, babba a kalma ta biyu. Idan ka furta ta ita kaɗai, ko ta zo a ƙarshen jimla, sai ka ce well-KNOWN, old-FASHioned, bad-TEMpered, hard-WORKing, good-LOOKing. Wannan shi ne furucin da ƙamus yake rubutawa, shi ne kuma malaminku ya koya muku. A jimla kamar The writer is well KNOWN, babu wata kalma mai ƙarfi a bayanta da za ta yi gogayya da ita, saboda haka babban ƙarfin yana zaune a inda yake.

Amma da zarar sifar ta shiga gaban suna, lamarin ya sauya. Sunan da ke biye yana da nasa ƙarfin, kuma shi ne ya fi girma a yankin jimlar. Da a ce za a furta a well-KNOWN WRIter, da gaɓoɓi biyu masu ƙarfi sun haɗu kafaɗa da kafaɗa, Turanci kuwa harshe ne da ya fi son a bar tazara tsakanin ƙarfi da ƙarfi, kamar yadda mata biyu masu daka a turmi ɗaya ba sa sauke taɓarya a lokaci guda. Don haka sai ƙarfin sifar ya ja da baya ya koma kan kalmar farko, a ce a WELL-known WRIter. Haka ake cewa The car is second-HAND, amma a SECond-hand CAR. The ticket is first-CLASS, amma a FIRST-class TICKet. Ba a harɗaɗɗun sifofi kaɗai wannan yake faruwa ba. Ana cewa thirTEEN, amma THIRteen MEN, ana cewa afterNOON, amma AFternoon TEA. Masana suna kiran wannan stress shift, wato gusawar ƙarfi, kuma ƙamusun furuci sun san da shi. Ƙamus ɗin furuci na Longman da John Wells ya fitar a 1990 yana sanya wata 'yar alama mai kusurwa uku a bayan duk kalmar da ƙarfinta kan gusa, don ya faɗakar da mai dubawa.

Kada wannan ya zame maka baƙon abu, domin Hausa ma tana sauya wa kalma kari idan ta shiga harɗi. Furta dafa a cikin ta dafa shinkafa, sa'an nan ka furta dafa-duka. A ta farko murya tana farawa daga sama ta sauko, a ta biyu kuwa gaɓoɓin dafa duka biyun a ƙasa suke. Haka hana take yi a cikin hana-salla. Dalilin ba ɗaya ba ne da na Turanci, amma darasin ɗaya ne: kalma ba ta riƙe furucinta ƙam a duk inda ta sauka, maƙwabtanta suna da ta cewa.

Game da jarrabawa, ka kwantar da hankalinka. Idan aka ba ka kalmar ita kaɗai aka ce ka zaɓi gaɓar da ake ƙarfafawa, furucin ƙamus ake nema, kuma furucin Ingila ake bi. A ƙamus, ɗan gajeren layi a tsaye daga sama, gab da farkon gaɓa, shi ne babban ƙarfi, wanda ke ƙasa kuma shi ne ƙarami. Ka kula, alamar tana zuwa ne kafin gaɓar, domin na ga ɗalibai da dama suna ɗora ta a kan gaɓar da ta gabace ta. Sashen da ake kira emphatic stress kuwa wani abu ne daban, can mai magana ne yake zaɓar abin da yake son bambantawa, kuma yana iya take kowace ƙa'ida. Left-HANDed ake cewa, amma wanda yake gyara wa wani kuskure zai ce I said LEFT-handed, not RIGHT-handed.

Tambaya ta biyu, daga wata ɗalibar kwalejin ilimi a Kano: Malam, idan ƙa'idar ita ce a ƙarfafa kalma ta biyu, me ya sa ake cewa HOMEsick da WATerproof? Kuma me ya sa home-made ba ta bi sahun homesick ba, alhali da kalma ɗaya suka fara?

Amsa: 'Yata, kin taɓo wurin da ƙa'ida take fara ɗingishi. Abin da na faɗa wa ɗan'uwanki na Gusau ya shafi sifofin da suka fara da sifa ko bayanau. Idan kalmar farko suna ce, sau da yawa ita ke ɗaukar babban ƙarfin, kamar yadda harɗaɗɗun sunaye irin su CLASSroom suke yi. Shi ya sa ake cewa HOMEsick, SEAsick, WATerproof, COLour-blind, TRUSTworthy, HEARTbroken, TIME-consuming, LAW-abiding, AIR-conditioned. Irin waɗannan ba su da matsalar gusawa, tun da ƙarfin nasu yana farko tun asali, ko sun zo gaban suna ko sun zo a ƙarshen jimla. Mu a nan mun saba tura ƙarfi zuwa ƙarshen kalma, shi ya sa za ki ji ana cewa waterPROOF a kasuwa, kowa kuma ya gane abin da ake nufi, sai dai mai gyaran takardar jarrabawa ba zai ba da maki a kai ba.

Akwai rukuni biyu da suka fice daga wannan. Na farko shi ne inda sunan ba wani aiki yake yi ba illa zuzuta sifar: pitch-BLACK, snow-WHITE, ice-COLD, brand-NEW. Waɗannan su ne takwarorin baƙi ƙirin da fari fat da sanyi ƙalau da sabo fil a Hausa, sai dai mu a baya muke ajiye kalmar zuzutawar, su kuma a gaba. Tun da ainihin maganar tana kan baƙin ne ko farin, can babban ƙarfin yake sauka, kuma yana gusawa idan suna ya biyo baya: The phone is brand NEW, amma a BRAND-new PHONE. Rukuni na biyu shi ne na home-MADE da hand-MADE da man-MADE da handWRITten, inda sunan yake nuna wurin da aka yi abu, ko wanda ya yi shi, ko abin da aka yi shi da shi.

Ba zan ɓoye miki ba, ko da waɗannan rukunan ba a rufe ƙofa ba. Ana cewa CAREfree, amma duty-FREE da tax-FREE, kuma duk bayanin da za a kawo miki a kan wannan bambanci, bayan an ga furucin ne aka ƙirƙiro shi. Ni a ganina, malamin da ya ce wa ɗalibai akwai doka guda da ta game dukkan harɗaɗɗun sifofi ya cuce su, domin ranar da suka ci karo da carefree za su daina yarda da sauran abin da ya koya musu. Abin da ya fi shi ne a ba su babban zato, wato suna a farko yakan ja ƙarfi gaba, sifa ko bayanau a farko yakan bar shi a baya, sa'an nan a saba musu da buɗe ƙamus a duk lokacin da sabuwar kalma ta zo. Tun 1917 wani masanin furuci a Ingila mai suna Daniel Jones ya fitar da ƙamus wanda ba shi da aiki sai nuna furuci, kuma da ƙa'ida ta wadatar da bai sha wannan wahalar ba.

Tambaya ta uku, daga wata malamar firamare a Zariya: Malam, ina koya wa yara ƙirga gaɓa ta hanyar tafi. Mun zo kan well-dressed, rabin ajin suka tafa sau uku, wasu har huɗu, ni kuma littafin malami ya ce biyu ne. Amma left-handed uku ce, ga shi kuwa duka da -ed suka ƙare. Yaya zan yi musu bayani?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Yaranki ba su yi shirme ba, Hausa suka tafa. Gaɓar Hausa iri uku ce kawai: baƙi da gajeren wasali kamar a farkon gida, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali kamar a farkon rana da kaifi, sai baƙi da wasali da baƙi kamar a farkon hannu. Ba mu fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, ba mu kuma rufe ta da biyu. Duk lokacin da Turanci ya kawo mana cunkoson baƙaƙe, sai mu cusa wasali a tsakani mu raba faɗa, abin da ya mai da brake ta zama burki, primary ta zama firamare, screwdriver kuma ta zama sukurudireba. Yaron da ya ga dressed zai raba d da r da wasali, ya kuma ba wa -ed nata wasalin, ga tafi uku a inda Bature yake yin ɗaya. A bakin Bature kalmar tana fita ne kamar an rubuta drest, wasali guda ne tak a cikinta, gaɓa kuwa a Turanci da sautin wasali ake ƙirga ta, ba da yawan haruffan da ke kan allo ba.

Ƙa'idar -ed mai sauƙi ce, kuma tana daga cikin ƙa'idojin Turanci masu cika alkawari. Idan kalmar ta ƙare da sautin t ko d kafin a liƙa mata -ed, sai -ed ta zama gaɓa mai zaman kanta, domin babu yadda za a furta d biyu a manne a ji su. Shi ya sa left-handed da kind-hearted da short-sighted suke da gaɓa uku-uku, open-minded da absent-minded kuma huɗu-huɗu. A bayan kowane sauti daban, -ed ba ta ƙara gaɓa, tana zama t ko d ne kawai a wutsiyar gaɓar da ta gabata. Saboda haka well-dressed da blue-eyed da strong-willed biyu-biyu ne, bad-tempered da old-fashioned da well-behaved kuma uku-uku.

Akwai 'yan tsirarun tsofaffin sifofi da suka riƙe -ed a matsayin gaɓa ko da ba t ko d a gabanta, irin su wicked da naked da learned idan ana nufin mai zurfin ilimi. Three-legged, wato mai ƙafa uku, a furucin da aka fi sani ita ma gaɓa uku ce, leg da ged a rabe. Wadda ta fi rikita mutane ita ce aged: idan tana nufin tsoho tukuf, kamar a my aged father, gaɓa biyu ce, amma a cikin middle-aged gaɓa ɗaya ce, kalmar duka kuma uku. Gaɓar tsakiyar nan ta middle ma abin lura ce, domin kusan babu wasali a cikinta, sautin l ne yake ɗauke da ita, kamar yadda n take yi a ƙarshen sudden.

Shawarata ita ce ki ɗan jingine tafin, domin yaro yana iya tafawa a kan wasalin da shi ya ƙirƙiro. Ki furta kalmar da kanki kafin su ga rubutunta, ki sa su maimaita ta da baki rufe, da guɗa irin ta hanci, su ji sau nawa sautin ya tashi. Na taɓa gwada wannan da wani aji a kan strong-willed. Da suka gan ta a allo, tafi biyar suka yi mata, amma da na goge allon na furta musu sau uku, suka bi ni da hanci, sai wata yarinya a layin baya ta ɗaga yatsu biyu tana dariya, tana cewa ashe duk tulin baƙaƙen nan kaya ne kawai a kan jaki biyu. Kuma idan cunkoson ya yi musu nauyi, ki sanar da su sirrin da Turawa da kansu suke amfani da shi: a magana ta yau da kullum sukan yar da t ko d idan ta faɗo tsakanin baƙaƙe biyu, har old-fashioned ta fito ba a jin d ɗinta, soft-spoken kuma ba a jin t. Yar da baƙi a irin wannan wuri ba ya ɓata adadin gaɓoɓi, ƙara wasali kuwa yana ɓatawa, yana kuma kawar da ƙarfin daga mazauninsa.

Tambaya ta huɗu, daga wani mai buga takardu a shagon kwamfuta a Katsina: Ranka ya daɗe, idan kalma irin hard-working ta zo ƙarshen layi ba ta shiga ba, a ina ya dace in yanka ta? Kuma yaushe ake sa karan ɗori, yaushe ake barinsa?

Amsa: Malam, ka yanka ta a kan karan ɗorin da take da shi, hard- a sama, working a ƙasa. Kada ka ƙara mata na biyu, domin hard-work- a layi ɗaya da ing a na gaba yana da muni a ido. Idan kalmar a haɗe ake rubuta ta, kamar homesick ko waterproof, ka yanka a mahaɗar kalmomin biyu. Ka sani kuma rabon gaɓa na rubutu da na baki ba kullum suke dacewa ba. A rubutu ana kiyaye saiwar kalma, a raba work da ing, alhali a baki mutane da yawa suna jin k ɗin ta zarce ta fara gaɓar ƙarshe. Aikinka na rubutu ne, sai ka bi na ƙamus, wanda wasunsu suke nunawa da ɗigo a tsakiyar kalma.

Sanin mahaɗa yana da amfani ko a karatu. Uphill ba ta da sautin f, domin p ta up ce, h kuma ta hill, haɗuwa kawai suka yi a kan iyaka. Haka lighthearted, idan aka rubuta ta a haɗe kamar yadda Amurkawa suka fi yi, t da h ɗinta ba su ne na think ba.

Karan ɗori kuwa aikinsa shi ne ya nuna cewa kalmomin biyu sun haɗa kai suna siffanta suna guda. Shi ya sa ya fi zama dole a gaban suna, kamar a well-known writer, kuma sau da yawa ake sauke shi bayan aikatau, kamar The writer is well known. Ba a sa shi bayan bayanau mai ƙarewa da -ly, sai a rubuta a highly paid worker haka nan. Idan lamba ce a farko, sunan da ke ciki ba ya ɗaukar s ta jam'i: a five-year-old boy, a two-week holiday. Wani lokaci ma'anar duka a kan ɗan karan nan take rataye. A little-used car mota ce da ba a mora sosai ba, a little used car kuwa 'yar ƙaramar mota ce ta hannu, saboda haka idan dillalin mota ya kawo maka talla, ka tambaye shi wacce yake nufi kafin ka buga.